Tambaya ta Goma Sha Bakwai

A Valparaíso, kan tudun da gidaje ke hawan juna
kamar awaki a jikin dutse,
akwai wata ƙofa shuɗiya mai ɓararren fenti.
Sau uku sashenmu na ilimin zamantakewa ya ƙwanƙwasa ta.

Na fari malamina ne, Leopoldo Arancibia,
littafi a aljihu, fensir a bayan kunne.
Herminia na da goyo a lokacin,
mijinta na sauke kaya a tashar jiragen ruwa.
Ya tambayi nawa ke shigowa, nawa ke shiga tukunya,
ya rubuta kalma ɗaya, ya ja mata layi biyu,
ya koma ya cika shafi ɗari huɗu
kan ranar da ma'aikata za su farka.
Kafin ranar ta zo, injin ɗaga kaya ya zo,
ya sallami mijin da abokansa hamsin.

Ta biyu ni ce, da rakoda mai kaset.
Mun ce tsohon ya tafi da amsarsa a aljihu,
kunnensa na fensir ne kawai.
Mu za mu yi shiru, ta yi magana.
Ta kuwa yi, awa shida, har batir ya mutu.
Na kai muryarta taro a ƙasashe uku,
aka tafa mini, aka ƙara mini girma.
Rufinta ya ci gaba da yoyo.

Ta uku ɗalibata ce, Ximena,
wadda ba ta ga dalilin hawa tudun ba.
Gidaje dubu tamanin ne a kwamfutarta,
kowane gida ɗigo.
Ta ce, Malama, mutum talatin kuka tambaya,
da cokali kuka auna teku.
Ya yi mini zafi, don gaskiya ce.
Ta gano abin da ya wuce mu duka:
inda bas ya daina zuwa,
nan yara ke daina zuwa makaranta.
Sai wani ɗigo ya ƙi hawa layi.
Dole ta ɗaure takalmi, na bi ta ina haki.

Herminia ta haura tamanin.
Ta zuba mana shayi, ta yanka burodi,
ta jira har aka kai tambaya ta goma sha bakwai:
Shin rayuwarki ta fi ta da?
Ta yi dariya har ta riƙe ƙirji.
Mai fensir ya yi mini ita, in ji ta,
ke ma kin yi, da akwatinki mai juyawa.
To ku fa? Kun fi na da?

Likita zai nuna cutar da ya kora,
injiniya ya nuna gada, ya ce ku taka.
Mu inuwa muke aunawa,
mai inuwar kuma yana jin mu, yana gyara zama.
Kowane ƙarni ya rushe ɗakin na baya,
ya gina nasa da tubalin da ya zaga.
Amma kalmar da Leopoldo ya ja wa layi,
jiya na ji ta a bakin direban tasi,
bai san daga ina ta fito ba.
Ta narke kamar gishiri a miya.
Ban sani ba ko wannan ne ci gaba,
ko kuwa hanyar ɓacewarmu ce.

Ban faɗa mata ko ɗaya ba. Na kurɓi shayi.

Da za mu tafi, ta nuna tukunyar gas a ƙasan tudu,
ta ce wa Ximena, ke mai sauran gwiwa.
Yarinyar ta sauka, ta ɗauko, ta hau tana ƙirge.
Matakala ɗari da goma sha biyu.
Shekara sittin Herminia na hawa su,
babu su a littafinsa, babu a kaset ɗina.
Ximena ta dire tukunyar, hannunta na rawa,
ta ce in ara mata biro.