Ratar Da Ke Tsakani

Jami'a ta aiko da takarda ranar Talata:
maƙala ɗari da tamanin da bakwai,
an ambace ta sau dubu talatin da ɗoriya.
Sun ƙirga Eulalia Paillamán tsaf,
kamar buhunan dankali a bakin kogin Valdivia.
Na ninke takardar gida huɗu,
na tokare ƙafar teburina mai ɗingishi.

Ni ne Nibaldo, mai yanka.
Shekara ashirin da tara ina fere ƙwaƙwalwar ɓera
siriri, siriri, har haske ya ratsa,
in kwantar a ruwan gishiri mai sanyi,
in miƙa mata kamar mai miƙa jinjiri.
Sunana na can ƙasan shafi,
kusa da masu ba da kuɗi.
Ban taɓa jin haushi ba.
To, sau biyu.

Ranar farko ta ja ni gaban madubi, ta ce, duba.
Na ga saiwoyi sun sarƙe
kamar na bishiyar da ambaliya ta tone.
Ta ce, ba sa taɓa juna.
Tsakanin wannan da waccan akwai rata,
silin gashinka gungume ne a gabanta.
Nan saƙo yake tsayawa a gaɓa,
ya tuɓe rigar wuta,
ya faɗa ruwa, ya haye.
Muryar mahaifiyarka, hayaƙin murhunku,
sunan karen da kuka binne a bayan gida,
duk a wannan mashigi suke kwana.

Abin da ta ƙarar da ƙuruciya tana nunawa
da jadawali da alƙaluma,
kakata ta san shi, ita da ba ta iya rubuta sunanta ba:
zumunci a ƙafa yake.
Mashigin da ake yawan bi, faɗi yake ƙarawa.
Wanda aka ƙaurace wa,
ciyawa ta ci.

Takardarsu ba ta san daren Yuli ba,
da guguwa ta tsinke wayar lantarki,
muka ruga kasuwar bakin kogi cikin ruwan sama
muna roƙon masu kifi ƙanƙara.
Aikin wata bakwai ya kwana a akwatin kifi.
Mako guda ɗakin gwaji yana ƙarni,
ita kuwa tana dariya har da riƙe ciki.

Ba ta san cewa maƙala ta arba'in da ɗaya kuskure ce ba.
Babu wanda ya kama ta.
Ita ta gano, ita ta tona kanta a gaban taro,
ta dawo ta kulle ƙofa kwana biyu,
ranar na uku ta ce, Nibaldo, wasa wuƙa.
Su sun ƙirga wannan ma cikin riba.

An ce akwai wata yarinya a Daejeon
da ke karkata allura kaɗan zuwa hagu,
ta riƙe numfashi kafin ta taɓa ƙwayar.
Malaminta ya koya wurin wanda ya koya a nan.
Ba ta san hannun wa take aro ba.
Wane magatakarda zai ƙirga wannan?

Mun binne ta a watan Mayu, ana yayyafi.
Yanzu burodi nake yankawa,
Orfelina tana ƙorafin ana hango faranti ta cikinsa.
Wani lokaci sai in ji fensir
ya ƙwanƙwasa tebur sau biyu:
sake dubawa.
In sake dubawa. Burodi ne.

Shekara ashirin da tara, kafaɗa kusa da kafaɗa,
ban tuna mun taɓa gaisawa da hannu ba.
Rata ce.
Saƙo kuwa ya haye.