Karatu a Majema

Jarrabawa saura kwana tara,
gidanmu ba wuta tun jiya,
sai na ɗauki littafin tarihi na bi Baba majema,
can gangaren da ke kallon Gulbin Maraɗi.
Na zauna bisa kifaffiyar kwatarniya,
shi yana kartar fatar jar akuya.

Ya ce, "Ɗaga murya, Zulai,
in ji abin da nake biya wa kuɗi."

Na ce: A Rum, shekara guda ta ci sarki uku.
Na huɗu daga sansanin yaƙi ya taso,
ba jinin sarauta gare shi ba.
Ubansa mai karɓar haraji ne,
shi kuwa da babu ta matsa masa
har cinikin alfadarai ya yi.

Baba ya tsai da wuƙa.
"Ɗan kasuwa ke nan. To, wa ya naɗa shi?"

Soja suka fara kiran sunansa a Masar
tun dattawan birni ba su ji ba.
Daga baya dattawan suka taru
suka zana ikonsa a allon tagulla,
kamar da ma su suka ba shi.

"Haka ake," in ji Baba.
"Sai ruwa ya shigo ɗaki
a ce masa maraba da baƙo."

An ce makaho ya roƙe shi yawu,
ya shafa masa a ido, ya gani.
Mushe Ɗanlele ya ce mu ja layi ƙarƙashin "an ce".
Wani sarkin baya ya haƙa wa kansa tafki tsakar birni,
wannan ya tsiyaye ruwan,
ya kafa dandalin kallo na dutse,
talaka ma ya samu mazauni,
ko da can sama ne, inda rana ta fi duka.
Ya buga fuskarsa a kuɗi, ya buga ta ƴaƴansa biyu,
don mai sayen gurasa ya sani
gobe ma gidan nan ne.

Baitulmali kuwa wayam ya tarar.
Ya bi kowane lungu da ƙoƙon haraji,
har fitsarin da majema da masu wanki ke ɗiba
sai da ya sa wa kuɗi.

Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
Arzika na ramin toka ya ɗago, "Lafiya?"

Babban ɗan ya yamutsa fuska, ya ce ƙazanta.
Uban ya kai masa tsaba ɗaya bakin hanci
ya tambaye shi ko ya ji wari.

Baba ya laluba aljihu da hannun da bagaruwa ta rine,
ya fiddo dala ashirin.
"Shinshina. Littafin da ke cinyarki
daga ramin can ya fito."

Na ci gaba, murya ta ɗan sauka.
Uban ya yi goma, babban ɗa biyu,
ƙaramin ya yi goma sha biyar.
Shi ya daina gaida dattawa,
an ce ya so a kira shi ubangiji,
ya kwana da tsoro, ya tashi da zargi,
har mutanen ɗakinsa suka soke shi.
Dattawa suka sa a kankare sunansa daga duwatsu.
Shekara ashirin da bakwai, gidan ya rufe.

Baba bai yi magana ba sai da ya gama gefen wuya.
Ya ɗaga fatar ga hasken yamma,
ya nuna mini tabon ƙaya da wuƙa ta kasa.
"Uban ya jiƙa kafin ya ja," ya ce.
"Ƙaramin ya tarar da ita a hannu,
ya zaci da laushinta aka haife ta.
Miƙo mini ruwan can."

Na rubuta wannan a gefen shafi da fensir,
na san Mushe ba zai ba shi maki ba.
Da dare, a hasken fitilar waya,
na buɗe littafin, Rum duk tana warin jima.