Mudun Dada

Ranar sadakar uku, bayan la'asar,
da masu gaisuwa suka watse aka naɗe tabarmi,
sai ga mudun Dada cikin kayan gado.
Bakinsa ya suɗe, fentinsa ya tafi,
shekara talatin da ɗaya yana awon gero a Tudun Hatsi.

Sambo ya kife shi, ya shafa gindin.
Babu bugu. Ko lotsawa ɗaya babu.
Ya ce, "Kun ga tsoron Allah.
Ta san akwai wani awon a gaba,
inda ko ƙwayar zarra ba ta faɗuwa ƙasa.
Cire mata wannan, me zai hana ta tauyewa?"
Shi ke jan salla a layinmu na Jekadafari,
in ya ɗaga murya har kaji kan saurara.

Gidado ya zare tabarau yana gogewa da bakin riga.
Ya ce, "Yaya, zama da mutane ya koya mata.
Mai cutar mai saye yau, gobe shi kaɗai zai sha rana.
Tun kafin a rubuta shi a allo
mutane sun gane gari ba ya zaunuwa da bugaggen mudu.
Kakar Rifkatu ta rumfar kusa da ita, can kan dutsen Tula,
ba ta san masallaci ba, ba ta san coci ba,
amma an ce in ka ba ta ajiyar ƙwai
kaza za ta maido maka."

"Wa ya ƙera zuciyar kakar?"
"To Alhajin da ke bayanka a sahun farko fa,
mai mudu biyu, na saye daban, na sayarwa daban?"
"Wannan sallar ya iya, tsoron bai shige shi ba."

Shayi ya huce a gabansu.

Can Sambo ya ce, "Na ji. To Manu makaho fa?
Duk Alhamis yakan zo da sandarsa da tsohon buhu.
Ba ya gani, ba shi da mai gani masa,
kasuwarka ba za ta taɓa sani ba.
Me ya sa take yi masa tozo har yana zuba?"
Gidado ya mayar da tabarau, bai ce komai ba.

Ni ce auta, ni ke riƙe mata bakin buhu.
Na taɓa tambayarta, ina 'yar shekara tara.
Ba ta ambaci wuta ba, ba ta ambaci ciniki ba,
duk da carbi na wuyanta, kuɗi na haɓar zanenta.
Cewa ta yi, "Yaransa huɗu.
Riƙe da kyau, kina zubar min."
Ban faɗa musu ba. Kowa zai ce nasa ta nufa.

Su suka ɗauki fili, ni na ɗauki mudu.

Alhamis ta farko bayan arba'in,
gero ya yi tsadar da ban taɓa gani ba,
ga bashin asibiti bai gama biyuwa ba.
Na ji ƙwanƙwasar sanda tun daga bakin layi.
Na cika mudu daidai baki,
hannuna ya tsaya a sama.
Ba zan ɓoye ba, ya tsaya.
Yatsa ɗaya ya isa ya share abin da ya hau.

Sai na ga na ƙara, na sake ƙarawa.
Har yau ban san wa ya tura hannun ba,
ko Mai awon da Sambo ke faɗa,
ko idon garin Gidado,
ko tsohuwar da ke kwance a maƙabarta
da yara huɗun da ban taɓa gani ba.

Manu ya ɗaga buhun, ya jinjina shi sau biyu,
ya juyo da fuskarsa saitin tawa.
"Ashe hannun Dada bai mutu ba."

Wato duk shekarun nan yana aunawa.
Wannan ma ban faɗa wa yayyena ba.