Battar Tankari

A kasuwar Tawa nake sayar da turare,
layi na uku, bayan masu barkono.
Kwalabe arba'in a tebur,
batta ɗaya a aljihu.
Ita ba ta sayarwa ba ce.

Ta kakana ce, Tankari na Afala,
maharbin da ba ya bin sawu.
Yakan ce: mai bin sawu gindin nama yake gani,
ni so nake ya zo mini da fuska.

Kwana uku kafin fita
ba ya taɓa sabulu, ba ya cin albasa,
ba ya kwana ɗakin Kuluwa,
kada turarenta ya raka shi daji.
Sai ya murje ganyen sabara a hammata,
ya tsaya cikin hayaƙin kashin shanu
har ya daina warin mutum.

Abin da ke cikin battar ban san shi duka ba.
Na san akwai ƙasar da barewa ta jiƙa
a watan da take kiran namiji,
ya kwashe ta da ɗanyen zarninta.
Akwai kanwa, akwai garin aduwa,
da wani abu da yake yi wa tofi
bayan ya juya mini baya.

Ina shekara tara ya tafi da ni,
kakar da muka rufe Kuluwa.

Da asuba ya saki toka tsakanin yatsu,
ya ga inda ta karkata.
Iska ƴar aike ce, in ji shi,
ba ta tambayar wa ya ba ta saƙo.
Ya shafe wani kututture a bakin fako,
muka kwanta cikin geza.
Cinnaka ya hau ƙaurina, ban motsa ba.

Hantsi ya kusa, sai ga kishimi,
hanci sama, yana karatun iska.
Taku ɗaya, tsayuwa.
Taku biyu.
Ya san ana mutuwa a fili irin wannan,
amma ya zo.
Ya kai hanci jikin kututture, ya daɗe,
ya ɗago yana waige-waige:
ina take?

Na ji tsirkiya ta miƙe kusa da kunnena.
Ta daɗe a miƙe.
Sannan ta koma a hankali,
kakana ya yi tari.
Tarin da bai zo daga ƙirji ba.
Fako ya koma fako.

A hanya na yi kukan nama,
bai ce mini kanzil ba.

Tsakar dare ƙishirwa ta tashe ni,
na hangi fitila a ɗakin da babu kowa.
Yana zaune da tsohon zanen Kuluwa,
baƙin nan da rininsa ya koɗe,
ya nutsar da fuska a ciki, ya daɗe,
ya ɗago yana duban ƙofa.

Bai ƙara ɗaukar baka ba.
Yau ko an ɗauka, wa za a harba?
Gonaki sun cinye fakon,
babura sun tsaga gezar biyu,
barewa ta yi arewa, can bayan Abalak,
in ma da saura.
Battar kanta na buɗe bara:
warin fata kawai, da ɗan gishiri.

Jiya wani direba ya tsaya gabana,
furfura a gemu, man inji a farce.
Ya shinshina kwalba goma sha ɗaya.
Ba shi ba ne, yake cewa,
wanda take sawa ya fi wannan sanyi.
Ban tambayi ko wace ce ba,
na san irin tsayuwar.

Akwai wanda ya yi kusa,
a kwalbar ƙarshe, can ƙarƙashin tebur.
Kuɗinsa na hannunsa.
Hannuna har ya kai murfi.

Sai na yi tari,
na ce masa ya ƙare.