Lamba Ta Saba'in Da Uku

Ƙarfe biyun dare, ruwan Agusta bai ɗauke ba,
janareta na tari a bayan ɗakin gwaji.
Na sunkuya kan madubin ƙara girma
ina ƙirga baƙin da suka sauka cikin ɗigon jini guda:
'yan zobba shuɗɗa, kowane da ɗigon ja.
Kyawunsu ne ke ba ni haushi.

A takardarmu sunansa saba'in da uku.
A Rigasa, bayan layin dogo, sunansa Tanimu,
shekara huɗu, mai tuƙa murfin tukunya
daga ƙofar ɗaki zuwa Zariya ya dawo kafin a sauke tuwo.

Tasalla ta kawo shi goye, bayan la'asar,
wuya ya saki, idanu sun kafe sama,
tafin hannu fari fat,
fitsari kamar zoɓon da ya kwana.
Kwana uku ana cewa iska ce, ana turare.
Ban ga laifinta ba.
Kuɗin keke zuwa asibiti ma ciwo ne,
ba mu dai samo madubin ganinsa ba.

Sai da allurar farko ta shiga jijiya
Sista Rifkatu ta karanta mata takarda, sau biyu:
"Ko kin ƙi, maganinsa ba zai ragu ba."
Ta ce, "Jinin da za ku ajiye, zai amfane shi?"
"Da wuya."
"To wa?"
"Wani yaro. Wataƙila ba a haife shi ba."
Ta daɗe tana kallon ruwan da ke ɗiga a leda,
sannan ta miƙa babban yatsa.

Ga abin da muke tambaya, shekara ta uku ke nan:
yara goma gida ɗaya, sauro ɗaya,
tara su yi zazzaɓi su tashi su nemi koko,
ɗaya kuma jininsa ya cushe a ƙananan hanyoyin kai
kamar motoci a Kawo ranar Juma'a,
ba gaba, ba baya, har fitila ta mutu.
Me ya sa shi? Me ya tsallake su?

Hamsin da takwas ba ta ga asuba ba.
Ni na cike layinta, akwati ɗaya, harafi ɗaya,
biro bai ko girgiza ba, sai a gida.
Sittin da ɗaya ya farka, amma ƙafar hagu
har yau tana biyo shi a baya kamar baƙuwa.

Sukari ya faɗi, aka ɗaga. Jijjiga ta zo, aka kwantar.
Sabo, ubansa, ya iso daga Panteka da baƙin mai a farce,
ya naɗe hannun riga bai tambayi komai ba.
Leda ɗaya. Ya ce a ɗebi biyu, aka ce a'a.

Kwana na biyu zobban sun ragu.
Kwana na uku na bi gilashin lungu-lungu,
na sake bi, don ban yarda da idona ba.
Wayam.

Sai ga Rifkatu a ƙofa tana dariya da hawaye:
wai ya buɗe ido, ya dubi uwarsa,
ya ce wa ya ɗauki motarsa.

Mun ce su dawo bayan mako biyu, mu duba jini,
don wani sa'in yakan zame bayan an yi murna.
Ragowar nasa na firiza, cikin 'yar kwalba,
tana jiran tambayar da ba mu iya yi ba tukuna.

Wani sauro ya sauka a gefen littafina.
Na kai masa mari, na kuskure.
An ƙwanƙwasa taga: ga saba'in da huɗu.