Wutsiyar Bututu

Salansar babur ta lashi ƙaurin Sali
a bakin kasuwar Yelwa, ana kiran la'asar.
Wurin ya yi ja, yana sheƙi kamar cikin gwanda.
Bai yi kuka ba sai da ya gan ni.

Na tsoma ƙafar a ruwan randa,
na jawo gwangwanin madara daga ƙarƙashin gado,
inda nake tara abin da na kasa zubarwa:
maɓallai, tsohon katin asibiti,
da bututun man ƙuna da ubansa ya bari,
a matse har tsakiya,
gurbin babban yatsansa na nan, bai ciko ba.

Da shi ya shafe mini hannu
ranar da man ƙosai ya fallatso,
yana hurawa, yana mini tsiya
wai na fi kaskon gaggawa.

Na kwance murfi.
Ruwa ne ya fara fitowa, rawaya-rawaya,
sai wani guda-guda, kamar nonon da ya tsinke.
Hancina bai gane shi ba.

Dijatu ta gidan Hamajoda, mai karatun boko,
ta riƙe mini wuyan hannu.
Ta juya wutsiyar bututun wajen haske,
ta bi lambobi da farce.
"Inna, ga wata, ga shekara.
Wata biyu kawai ya ƙara bayan Baba."

Na ce, ashe magani ma yana da ajali?
Ta ce, "A zafin Garwa, ƙarƙashin kwano,
damina huɗu?"

A ɗakin shan magani, matar mai farar riga
ba ta yi mini faɗa ba.
Ta ce fatar da ta buɗe ƙofa ce,
ba kowane baƙo ake bari ya shiga ba;
tsohon mai, in bai rasa ƙarfi ba,
wataƙila ya yi rakiyar ƙazanta.
Jaka ɗaya da rabi na kunce daga bakin zane,
cinikin safiya guda.

Sali ya yi barci, ƙafa a kan matashi.
Iska na tasowa daga Binuwai.

Na so in matse sauran in zubar,
sai na ga gurbin yatsan zai baje.
Na naɗe shi da baƙin zare,
na sa shi cikin hularsa, can ƙasan akwati,
inda hannu mai neman magani ba ya zuwa.