Kwanso Ashirin da Biyar

Shekara sittin ba biyu na yi a duniya
ban taɓa auna abin da ya wuce sukarin shayi ba.
Sai surukina Odell ya rasu,
ya bar mini inji mai hannu ɗaya
a garejinsa, can ƙauyen Dakota ta Arewa,
da bokitin kwanson harsashi, ja da kore,
da ya tsinto a gonakin alkama kaka bayan kaka.

Verna Hovland, maƙwabciya, ta zo koya mini.
Tsohuwa mai tari, ta cire safar hannu da haƙori,
ta ce: Fara kashe murhun nan.
Albarushi bai san baƙo ba, bai san ɗan gida ba.
Muka zauna cikin sanyi, numfashi na tashi kamar tururin tukunya,
dusar ƙanƙara ta cinye rabin taga.

Ta buɗe littafin awo, gefensa duk maiƙo.
Abin da aka rubuta shi za ka bi, in ji ta,
irin kwanson, irin albarushin, matoshin, nauyin darmar.
Kada ka musanya ko ɗaya.
Nan ba miya ba ce, balle ka ɗanɗana ka ƙara gishiri.

Na ja hannun injin.
Tsohon ƙyastu ya faɗa gwangwani, ƙit,
sabo ya shige gurbinsa.
Albarushi ya zubo shiru kamar garin tozali,
na juye a ma'auni, allura ta yi rawa, ta tsaya.
Sai matoshin roba. Sai darma, ƙanana kamar gero,
rabi suka watse, suna tsere ƙarƙashin firji.
Verna ba ta yi dariya ba. Tsintsiya ta miƙo.

Na farko bakinsa ya karkace kamar na mai jin haushi.
Na biyu ya kumbura.
Na bakwai ne ya naɗe tsaf, tauraro mai tsini takwas,
na riƙa juya shi a tafin hannu
kamar wanda aka miƙa wa jariri.

Ana cikin haka waya ta yi ƙara.
'Yata ce daga Fargo, tana tambayar ciwon gwiwata.
Minti biyu kacal. Na dawo na ɗora,
na cika ashirin da biyar, na jera a kwali,
ina jin kaina gwani.

Verna ta ce: Wanda ka bari a injin da ka tashi,
ka zuba masa albarushi?
Na ce na zuba.
Ta ce: Ka gani, ko zato kake?
Na dubi kwalin. Duka ja ne, duka kama ɗaya.

Muka farke su ɗaya bayan ɗaya,
har da tauraron nan nawa.
Wanda muka buɗe na sha ɗaya,
darma na nan, matoshi na nan,
ƙasansa wayam.
Irin wannan, in ji ta, shi ke maƙalewa a bututun bindiga,
na bayansa ya taho a guje ya tarar da ƙofa a rufe.
Ta ɗora hannun hagu a kan tebur,
wanda tun safe nake kawar da ido daga kansa.
Yatsu uku da rabi.

Ran Asabar biyar kaɗai na yi,
waya a kashe, ƙofa a kulle,
ina leƙa cikin kowanne kamar mai duba rijiya.
Bayan rumbun Verna ta wurga faifan yumɓu sama.
Na harba. Kafaɗata ta amsa, hankaki suka tashi,
faifan ya ci gaba da tafiyarsa lafiya lau,
ya sauka a ƙanƙara ko tsagewa bai yi ba.

Ta ce: Harbi kam sai a hankali. Amma ya tashi.
Na sunkuya da wannan gwiwar tawa,
na ɗauki kwanson, da sauran ɗuminsa,
na shinshina, na sa a aljihu.